Sandunan Zakari a Lakar Tungar Yaro

Hoton nan shi ne mafarin masifar. Da Salisu ya bar shi cikin waya yadda ya gan shi, da ƙila maganar ta mutu a bakin kwatar jirage. Amma ina! Sai da ya je Yelwa aka wanke masa shi ƙato, aka manna a kwali, ya ɗauko ya ajiye gaban kawunsa Malam Idi, mahaifin Bara'atu, lokacin da tsohon ke gindin tsamiya yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi tare da dattawan Tungar Yaro.

"Kawu, ba tsegumi ya kawo ni ba," in ji Salisu, yana wani sunkuyar da kai kamar na Allah. "Zumunci ne ya hana ni yin shiru. Duba surukin da kuke jira."

Malam Idi ya nisanta kwalin daga idonsa, ya sake matso da shi.

Zakari ne, babu ko tantama. Yana tsaye a wata ƙasa fara fat, sanda a hannun dama, sanda a hannun hagu, ya dogara a kansu. Ƙafafunsa na cikin wasu ƙattin takalma sandararru har ƙwauri, an ɗaure masa dogayen katakai a ƙarƙashi. Wani baƙin gilashi ya rufe rabin fuskarsa.

"Inna lillahi," in ji wani dattijo. "Karan ɗori na wanga."

"Ƙahwa biyu duka," wani ya ƙara. "Mota ta, ko bene?"

Salisu ya yi ajiyar zuciya. Ni kuwa na ce a raina, kai Salisu, ka ji tsoron Allah. Mutumin da ke kwana gidan kallon ƙwallo a Yelwa, wane wasan Turawa ne bai gani a talabijin ba? Ya san ko mene ne sarai. Sai dai tun Bara'atu na makarantar horon malamai yake binta, da jirginsa mai inji da agogonsa mai ruwan gwal, ita kuma ko kallon arziki ba ta taɓa yi masa ba.

Dama can da kyar aka karɓi Zakari. Ɗan manoma ne daga tudun Ngaski, gidan Malam Idi kuwa masunta ne kaka da kakanni, ba su taɓa ba ɗan tudu 'ya ba. Sai da Bara'atu ta rame ta zama kamar sillen kara sannan tsohon ya haƙura ya karɓi akwatin baiko, 'yan'uwansa na ta yi masa gorin ya ba da ɗiya ga wanda bai san gaban jirgi da bayansa ba. Zakari ya tafi Turkiyya karatun noman rani. Da ya gama, ya sami aikin wucin gadi a wani ɗan wurin hutu can kan dutse, inda mutane ke zuwa zamiya a kan dusar ƙanƙara. Ya yi alkawarin dawowa kafin zafi ya kankama. Ga bazara ta shigo, ruwan Kainji ya fara ja da baya, Zakari shiru.

"Shi ya sa bai dawo ba ke nan," Malam Idi ya faɗa a hankali, ya kife kwalin a kan tabarma.

*

Bara'atu ta taso daga makarantar da take koyarwa, alli bai ma bar yatsunta ba, ta tarar da Inna gaban murhun banda tana juya tarwaɗa tana share ido da bakin zane.

"Inna, hayaƙi ne?"

"Wane hayaƙi? Ke da kinka sani kinka ɓoye muna. Ɗiyar da na haihwa da cikina!"

Da aka nuna mata kwalin, dariya ta fara yi. Ta yi har ta dafe bango. Sai da ta ga fuskar Inna ba ta motsa ba ta daina dariyar.

"Inna, wasa ne fa. Wallahi wasa ne. Ƙanƙara ce ke zubowa a ƙasarsu kamar gari, sai a ɗaura katakon nan a zame daga kan dutse. Shi Zakari koya wa baƙi yake yi."

"A biya kuɗin mota a tahi bisa dutse don a zame? Mutum da hankalinai?" Inna ta riƙe haɓa. "Bara'atu, ni za ki yi ma wayon 'yan boko?"

Nan Bara'atu ta yi kuskuren da ta daɗe tana cizon yatsa a kansa. Ta ɗauki waya ta nufi gindin tsamiya, ta durƙusa gaban mahaifinta da dattawa, ta kunna musu bidiyon da Zakari ya taɓa turo mata. A ranta ta gama kashe maganar.

Dattawa suka haɗa kai a kan waya. Ga Zakari yana gangarowa daga tudu, yana karkata dama da hagu.

"To ga shi kuwa!" wani ya buga cinya. "Ku duba, ko sau guda bai ɗaga ƙahwa ba. Ja shika yi."

"Da sandunan shika tura kainai, kamar mai tuƙi da gora."

Abin da ya ƙarasa lalata zancen shi ne ƙarshen bidiyon, inda Zakari ya cire katakan ya tako wajen mai ɗauka cikin takalman nan masu tauri, yana ɗingisawa ƙwas, ƙwas, gwiwa ba ta lanƙwasuwa.

Malam Idi ya miƙo mata wayar ba tare da ya dube ta ba.

"Baba, takalmin ne haka. Bari in kira shi yanzu ka gan shi, ya nuna maka..."

"Ni?" Tsohon ya ɗago, idanunsa sun kaɗa. "In ce ma mai neman ɗiyata ya naɗe wando in duba ƙwabrinai cikin waya? Ke ko kunya ba ki ji ba?"

"Baba, don Allah..."

"Saurara, Bara'atu. Ba ƙahwa nika gudu ba. Audu gurgu ya hi kowa iya saƙar koma garin ga, kuma akushi guda muke ci da shi. Ɓoyo nika gudu. Na haɗiye gorin dangina na ba shi ke, shi kuma ya maishe ni abin dariya? Wanda ya ɓoye ma uban mace karaya tun ba a ɗaura ba, mi za ya ɓoye ma matatai in an ɗaura?"

Ya juya ga dattawa.

"Ku shaida. Zan aika ma Wakili, ƙanen ubanai, ya zo ran kasuwa ta makon sama. In munka tashi daga sallar la'asar yaron ga bai tsaya gabana da ƙahwahunai ba, wallahi akwatinsu na bin su gida."

Ya rantse. Duk Tungar Yaro an san Malam Idi bai taɓa yin kaffara ba.

*

Sabis a garin sai kan tudun bayan makaranta. Can ta hau da rana tsaka, takalmi na ƙona mata tafin ƙafa, ta kira Zakari.

"Malama ta gaban allo!" Muryarsa ta shigo cike da fara'a. "Da kin ga wurin nan yau. Tsit kamar an yi shara. Manyan wuraren duk sun rufe, mu ma baƙinmu ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Da safe ƙanƙarar tauri, kafin azahar ta saki ta zama kamar kunun da ya kwana, kana jin ruwa na gudu a ƙarƙashinta. Har ciyawa ta fara leƙowa. Na ce wata rana sai na kawo ki irin wannan lokacin, ba cunkoso, ba mai kallonki in kin faɗi."

Ta buɗe baki, kuka ya riga maganar fita.

"Bara'atu? Wa ya rasu?"

Ta ba shi labari tana shessheƙa. Abu ɗaya ta ɓoye, sunan wanda ya kawo hoton, don ba ta so a fara aure da gaba tsakanin mijinta da ɗan goggonta Salisu. Da ta zo kan karan ɗori Zakari ya tuntsire da dariya, da ta zo kan rantsuwa dariyar ta ɗauke ɗif.

"Ya rantse?"

"Gaban dattawa."



"Kin san halin da nake ciki," ya ce. "Tsoho Isa mai wurin nan, gwiwarsa ta ƙi. Sauran ma'aikata sun watse tun da lokaci ya ja. Da aka yi wata zubar ƙanƙara ta ƙarshe ya riƙe hannuna ya ce in taimaka in tsaya sai baƙon ƙarshe ya tafi. Mutumin nan ya ɗauke ni lokacin da ko tsayuwa a kan katakon ban iya ba. Na ba shi kalmata, Bara'atu."

"Ni ma ka ba ni."

"Na sani."

"Ban ce ka ci amanar tsoho ba. Wallahi da ka ci, da ka faɗi a idona. Amma Zakari, na gaji. Na gaji da kare ka a bakin rijiya, na gaji da kare ka a gidan biki. An ce ɗan tudu ne, na ce na ji. An ce ya tafi ƙasar Turawa ba zai dawo ba, na ce zai dawo. Yanzu an ce gurgu ne maƙaryaci, na kawo shaida, shaidar ta juya ta cije ni. Baffanka kuma ka san shi. In aka ɗora masa akwatin nan a ka, ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai sake kawo shi ba."

"Daina kukan nan, yana tsinka min zuciya."

"Ba zan daina ba. Ina son ka, kuma ina jin tsoro."

"To saurare ni. Yanzu zan je wajen tsoho in gaya masa komai, ban rage ba. In ya sake ni..."

Ƙit! Sabis ya ɗauke. Ta ɗaga wayar sama, ta juya gabas, ta juya yamma, ta hau kan dutse. Ko sanda ɗaya babu.

*

Sai bayan kwanaki saƙo ya shigo, gajere: tsoho ya sake shi, yana neman jirgin sama. Daga nan ba ta ƙara jin ɗuriyarsa ba har ranar kasuwa ta zo.

Baffa Wakili ya iso tun da hantsi, dogon tsoho mai kaushin hannu, ya zauna a kan tabarmar da aka shimfiɗa masa gindin tsamiya. An kawo masa fura, ya ce ya ƙoshi. An fito da akwatin baiko an ajiye tsakaninsa da Malam Idi, kowa na kauce wa kallonsa.

Bayan azahar wayar Bara'atu ta yi ƙara a kan tudu.

"Na iso kwatar Yelwa!" Zakari na haki. "Jiragen garinku duk sun tashi, amma Allah ya haɗa ni da wani ɗan'uwanku, mutumin kirki, ya ce zai kawo ni ni kaɗai. Salisu sunansa."



"Zakari, kar ka shiga! Ka ji ni? Kar ka..."

Ƙarar inji ta cinye muryarta, wayar ta mutu.

Ta gangaro daga tudun da gudu, mayafi na jan ƙasa. Ba ta san lokacin da ta keta cikin maza ta zube gaban mahaifinta ba.

"Baba, yana hanya. Yana kan ruwa yanzu haka."

"In ya iso mun gani."

"Baba, ka yafe min, yau zan yi magana gaban manya." Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta rawa. "Zakari lafiyarsa lau, bai ɓoye maka komai ba. Amma ko da gaskiya ne, ko a faranti aka kawo shi babu ƙafa ko ɗaya, ni shi nake so. Zan tura shi a keke, zan ɗauke shi a baya in ta kama. In ka mayar da akwatin nan ba zan saɓa maka ba, zan zauna a gidanka in yi ta koyar da 'ya'yan mutane har in yi furfura. Amma wani namiji dai, a'a."

Dattawa suka hau salati. Inna daga bakin zaure ta ɗora hannu a ka. Baffa Wakili kuwa ya ɗago ya dubi yarinyar a karo na farko tun zuwansa, ya daɗe yana dubanta, sannan ya jawo kwanon furar da ya ƙi ɗazu ya kurɓa.

Malam Idi ya kafe ido a kan akwatin. Gemunsa kawai ke motsi.

Ladan ya kira la'asar.

Maza na cikin alwala sai ihu ya tashi daga wajen matan da ke banda a bakin gari.

"Wane ne can? Jama'a, wa anka sauke bayan Ci-Sa?"

*

Duk shekara in ruwa ya ja baya, yakan bar wata shimfiɗaɗɗiyar laka a gabas da Tungar Yaro. Daga nesa sumul take, tana sheƙi kamar daɓen ɗaki. Mutanen gari na kiranta Ci-Sa, don ta taɓa haɗiye bijimin wani Bafulatani har ƙaho. Ba mai taka ta. Jirgi ma zagayawa yake ta mashigin yamma, in da inji a ɗan jima, in da filafili sai faɗuwar rana.

Can ƙetarenta, a kan wani tsibirin yashi, ga mutum tsaye cikin farar shadda, da jaka a kafaɗa da wani dogon ƙunshi a hannu. Jirgin Salisu kuwa ya juya yana tafiyar hawainiya ya nufi yamma.

Daga baya aka ji abin da Salisu ya ce masa: "Ga garin can kana gani. Taka da ƙafa ya fi sauri, ni zan zagaya in sauke kaya."

Mata suka hau ɗaga zannuwa suna kururuwa. "Kar ka taka! Koma! Koma!"

Iska ta kwashe muryoyinsu. Zakari ya ɗaga musu hannu, a zatonsa maraba ake yi masa, ya sa ƙafa. Nan take ta nutse har gwiwa. Bara'atu ta ƙwalla ƙara. Da kyar ya fizge ta ya faɗa baya a kan yashi, takalmin ya tafi ke nan.

A masallaci an tayar da iƙama.

Bara'atu ta durƙushe a bakin lakar. Ga shi ga ta, tana ganin farin rigarsa, amma da yana Turkiyya da nan duk ɗaya. Inna ta zo ta riƙe kafaɗunta, ita ma tana kuka.

"Ga shi da ƙahwahunai," Inna ke faɗi. "Wayyo ni Mariya, ga shi tsaye. Allah ya isa tsakaninmu da mai hoton ga."

"Rantsuwar Baba gabansa ta ce, Inna. Ba ƙetaren Ci-Sa ba."

Sai suka ga ya tsuguna yana kwance dogon ƙunshin.

Katakai biyu ya zaro, dogaye, masu ɗagaggen baki kamar goshin jirgi. Ya zaro sanduna biyu. Ya buɗe jaka ya fito da takalman nan na cikin hoto. Ashe da tsoho Isa ya ji labarin sai da ya yi dariya har ya yi tari, ya ce baƙin da suka rage shi zai lallaɓa da su ko da rarrafe ne, ya ɗauko tsofaffin kayan zamiyarsa ya ce a kai wa surukin ya taɓa da hannunsa.

Zakari ya naɗe shaddarsa ya ɗaure a ƙugu. Ya ɗora katako ɗaya a kan lakar ya danna. Ya ɗora na biyu. Ya tsaya a kansu.

Bai nutse ba.

"La ilaha illallahu," in ji wata tsohuwa. "Ci-Sa ta ƙi cin shi."

Ya tura ƙafar dama, ya bi da ta hagu, sanduna na dafa masa. Da fari a hankali kamar mai tsoron tada barci, can sai ya sami kanta. Mutumin da ya yi makonni yana fama da narkakkiyar ƙanƙara, ashe duk wannan ranar ake shirya shi. Saɓ, saɓ, saɓ, yana tahowa, layi biyu na bin bayansa a kan laka.

Mata suka bar kifi a wuta. Ihun koma ya zama ihun taho.

A masallaci an sallame. Mutane suka fara leƙe ta taga, sahun baya ma har sun sulale. Amma rantsuwa ta ce in an tashi, kuma Malam Idi bai tashi ba. Tsohon da duk gari an san shi da shafa fatiha ya miƙe ya koma kan komarsa, yau ya zaro carbi ya gyara zama. Ya ja ya kai ƙarshe, ya sake komawa farko. Liman ya saci kallonsa, ya murmusa, ya ɗaga hannu ya kama wata addu'a da ba a taɓa jin tsawon irinta ba ko a ranar idi. Ya roƙa wa masunta, ya roƙa wa manoma, ya roƙa wa matafiya na tudu da na ruwa, ya ƙara da na laka.

A tsakiyar Ci-Sa akwai wani gurbi da ruwa ke kwanciya. Nan ne ta fi laushi. Zakari na zuwa gefensa bakin katakon hagu ya cusa, ya yi adungure ya faɗi rigingine.



"Zakari!" Bara'atu ta zabura za ta faɗa lakar, mata uku suka rirriƙe ta.

Bai yi fafutuka ba, shi ya cece shi. Ya kwanta lamo, ya mirgina a hankali, ya gicciye sandunan biyu a gabansa ya dafa tsakiyarsu, yadda yake koya wa baƙi in sun faɗi. Ya jawo gwiwa ɗaya. Ya jawo ɗaya. Ya miƙe, baƙi ƙirin tun daga hula har ƙasa, haƙoransa kawai ke haske.

Kai, ranar na ji guɗa! Inna ce ta fara, ita da kwanakin baya ke cewa wayon 'yan boko ne.

*

Ya iso busasshiyar ƙasa yana numfashi sama-sama. Bai tsaya kallon kowa ba, ko Bara'atu. Ya ɓalle katakan, ya zare takalman, ya taka da tafin ƙafarsa, jama'a na dare masa hanya har ƙofar masallaci. Ya durƙusa.

"Baba, na same ku lafiya? Ku gafarce ni, na yi latti."

Malam Idi ya shafa addu'a, ya mayar da carbi aljihu, ya dube shi sama da ƙasa.

"Tashi."

Ya tashi.

"Taka zuwa tsamiyar can ka dawo."

Ya taka ya dawo, laka na ɗiga daga gemunsa, yara da manya na dariya.

Tsohon ya miƙe tsaye.

"Jama'a, na zargi yaron ga da abin da bai yi ba, gabanku. To gabanku nika cewa ya yahe min." Ya juya ga Baffa Wakili. "Wakili, akwati na nan inda shike. Ku je ku yi shawara ku kawo muna rana, kar ta yi nisa."

"Rana ai tana aljihuna tun daga gida," in ji Baffa Wakili. "Yarinyar da ta ce ko a faranti aka kawo mata ɗanmu babu ƙafa tana so, ina zan bari ta kwana biyu a hannun wasu?"

Bara'atu ta ja mayafi ta rufe fuska, ta rasa inda za ta sa kanta.

Daidai nan jirgin Salisu ya iso ta yamma. Ya tako yana gyara agogo, fuskarsa ɗauke da jimamin da ya shirya tun a hanya, sai ya yi kiciɓis da baƙin mutum tsaye kusa da kawunsa. Ya dubi katakan, ya dubi layi biyun da suka ratsa Ci-Sa.

"Salisu," in ji Malam Idi, murya ƙasa-ƙasa. "Hoto dai ka ce ba ka sani ba. Ci-Sa hwa? Ita ma ba ka san ta ba, kai da anka haihwa bakinta? Tahi gida. Ni da uwarka za mu zauna."

Ya juya sumui-sumui, ba wanda ya ce masa ko sannu.

Malam Idi ya sunkuya ya ɗauki katako ɗaya. Ya shafa cikinsa da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa, ya auna nauyinsa a tafin hannu yadda yake auna filafili. Sannan ya dubi gurbin nan na tsakiyar laka, inda tsuntsaye ke ta shawagi.

"Tun ina yaro nika kallon gurbin can," ya ce. "Duk shekara tarwaɗa na maƙalewa ciki, manya-manya, tsuntsaye na cinyewa muna kallo." Ya ɗan yi tari. "Wanga abu, shina ɗaukar tsoho?"

"Wanda ya ba ni shi ya girme ka, Baba."

"To gobe da sahe ka zo ka ɗaura min. Kuma in na hwaɗi, duk wanda ya yi dariya sai na ci tarar shi."

Dariyar da aka yi har masu jirgi a mashigin yamma sun ji.

Inna ta sa aka ɗauki akwati aka mayar ɗakinta, tana tafe tana guɗa tana faɗa wai kifinta ya ƙone. Bara'atu kuwa ta ciko buta ta kawo ta ajiye gaban Zakari a bakin zaure, idonta a ƙasa, murmushi ya ƙi ɓoyuwa.

"Malama," ya ce a hankali, "da gaske kin ce ko babu ƙafa kina so na?"

"Na faɗa, gaban kowa." Ta tura masa butar da yatsan ƙafa. "Amma tunda ka zo da su, wanke su."